Ƙofa Ɗaya ko Biyu: Yadda Wata Unguwa a Jos Ta Tattauna Ginin Laburare da Ofisoshin Ƙaramar Hukuma

Filin da ake magana a kansa yana bakin iyakar unguwarmu, daidai inda kwalta ta ƙare hanya ta gangara rafi. Da can gidaje ne a wurin. An ƙone su a rikicin Nuwamban 2008, masu su suka watse, yawancinsu suka sayar da kangayen da araha suka koma inda hankalinsu zai kwanta. Da tafiya ta yi tafiya sai wurin ya kasu uku ba tare da wani ya kasa shi ba. Kanikawa suka kafa gareji ta bakin titi, samari suka share tsakiya suka kafa turakun raga, can ƙasa wajen rafi kuma ya zama bola. Tsallaken rafin unguwar maƙwabtanmu ce, galibinsu Kiristoci, mu kuma nan galibi Musulmi. Kafin 7 ga Satumban 2001 a cakuɗe muke, gida ɗaya sai ka tarar da 'yan haya masu addini biyu suna jan ruwa a rijiya ɗaya. Duk ɗan Jos ya san yadda garin ya tsage bayan nan.

Ni malamin sakandare ne, a unguwar aka haife ni. Mai unguwa ya sa ni magatakardan kwamitin da ya ji ra'ayin jama'a kan ginin da ake son yi a filin, saboda haka abin da ke nan daga littafin da na riƙa rubuta bayanan zama ya fito, da abin da kunnena ya ji. Na sakaya sunan unguwar da na mutanen domin maganar ba ta ƙare ba, kuma da yawansu sun saki jiki ne don sun san ni.

Abin da aka kawo mana

Bayan zaɓen ƙananan hukumomin Filato na Oktoban 2024, kansilanmu ya zo wa mai unguwa da zanen gini. Bene ne hawa ɗaya. A ƙasa ofisoshi: na kansila, na masu karɓar haraji, na rajistar haihuwa, da zauren taro. A sama laburare, da ɗan ɗakin kwamfuta a kusurwa. Katanga ta zagaye duka, get ɗaya yana kallon titinmu, ɗakin mai gadi a gefensa. Ya ce tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, akwai fatan samun abin yin aiki, kuma yana so ya ji bakin mutane kafin ya kai maganar majalisa. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa, don a ƙasar nan mun saba sai dai mu wayi gari mu ga tifa tana juye yashi.

Mun zauna da dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, da mata a makarantar Islamiyya ranar Asabar, da samari a teburin mai shayi, da kanikawa a garejinsu. Daga baya muka tsallaka rafi muka zauna da maƙwabta a zauren cocinsu. Dukkan zaman da Hausa aka yi shi, don a Jos ita ce harshen kasuwa, da ita kuma ake wa'azi a coci da yawa.

Na shiga aikin ina zaton gardamar za ta tsaya kan ko mutanenmu na karatu ko ba sa yi. Ta ɗan taso, ba ta daɗe ba. Abin da ya ci mana makonni shi ne maƙwabcin da aka haɗa laburaren da shi.

Abin da ofis yake nufi a Jos

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya fara da yabon laburare. Ya tuno ɗakunan karatu na zamanin En'e, inda ake ajiye Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi sauran su kasa kunne. Ya ce a irin wannan ɗaki ya ƙware da haɗa baƙin boko lokacin Yaƙi da Jahilci, alhali tuni ya yi nisa a allo. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ɗakin karatu alheri ne. Amma kada ku ɗora shi a kan ofishin siyasa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake."

Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. A wasu garuruwa ofishin ƙaramar hukuma wurin karɓar takarda ne kawai, a Jos kuwa tarihi ya aza masa kayan da suka fi haka nauyi. Tun da gwamnatin Babangida ta raba tsohuwar ƙaramar hukumar Jos a 1991 aka sami Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, maganar wa zai hau kujera ta koma maganar wa ke da gari. Rikicin Afrilun 1994 a kan naɗin shugaban riƙo ya tashi. Na Nuwamban 2008, wanda ya mayar da wannan fili kango, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi ya ɓarke. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, ka ce masa jikokinsa za su zauna karatu a saman zauren da 'yan siyasa za su cika ranar zaɓe, dole ya yi jim.

Wani kuma ya kawo zancen wuta. Jos ta san asarar gobara. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, har yau ba ta dawo yadda take ba. Laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta ya ƙone a Oktoban 2016, littattafan da aka shekara da shekaru ana tarawa suka zama toka. Tambayarsa ita ce, in Allah ya kiyaye aka wayi gari an cinna wa ofis wuta, ta ina yaran da ke sama za su sauko, tunda matakala ɗaya ce a zanen?

Sai dai dattawan ba bakinsu ɗaya ba. Wani Alhaji mai sayar da hatsi ya tsaya kai da fata cewa ofishin ya fi laburaren amfani. Ya lissafa wahalar mace mai jego da za ta shiga Keke biyu kafin ta samo wa jaririnta takardar haihuwa, ga kuɗin mota ya ninka tun cire tallafin mai a Mayun 2023. Ya ce unguwar da babu tutar gwamnati a cikinta ba a tunawa da ita sai za a zo kama wani. Ofis yana zuwa da mai gadi, da fitilar titi, da kwata, wataƙila har da rijiyar burtsatse. Mutane da yawa sun gyaɗa masa kai, ni ma ina ciki.

Kanikawa ba su tsawaita ba. Ogansu ya goge hannu da tsumma ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ofis a kusa, rasit a kusa. Wannan mun ji, za mu biya. Amma ina za mu koma? Yaran nan da kake gani a ƙarƙashin mota, nan ne makarantarsu." Zanen bai ce komai a kansu ba.

Samari sun rabu biyu. Masu ƙwallo suka ce kowa littafinsa na cikin wayarsa yanzu, a bar musu filinsu. Da farko na ɗauki maganar a matsayin ta yarinta, har sai da na je kallon wasa da yamma na tsaya na lura da masu bugawa. Rabin 'yan wasan daga tsallaken rafi suke. A duk faɗin yankinmu wannan fili ne kaɗai na sani da samarin ɓangarorin biyu ke haɗuwa kullum ba tare da wata ƙungiya ta tara su ta raba musu lemo ba. Rusa shi don a gina wurin haɗa kan jama'a zai zama asara babba.

Ɗaliban kuma buƙatarsu a fili take: wuta, kujera, kwamfuta. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, amma ina da ɗalibai da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana saura kwanaki su shiga zauren jarrabawa, suna biyan kuɗi a kafe ana ƙirga musu minti. Ɗaya daga cikinsu ya amsa wa masu ƙwallo cewa littafin da ke cikin waya sai da data da caji yake buɗuwa, shi kuwa wayar yayansa yake ara.

Zaman mata

Wannan zaman ne ya fi kowane tsawo, shi ne kuma ya sauya mini tunani. Babu wadda ta ce ba ta son laburare. Wata uwa mai tuyar ƙosai ta kwatanta gidansu: ɗaki biyu a gidan haya, 'yarta mai shirin WAEC tana karatu bayan isha a bakin gado da tocilan waya, ƙannenta na barci a tabarma. In hunturu ya shigo, sanyin Jos ba ya barin kowa ya zauna a tsakar gida. Ta ce, "Malam, littafi ba ya gagarar mu, ana aro. Wurin zama ne babu, da haske."

Sai shugabar makarantar, wata Hajiya da ta koyar da yawancin matan unguwar, ta karɓi zanen ta duba, ta tambaye ni ƙarfe nawa ake rufe get ɗin. Tambayar ba ta taɓa zo mini ba. Ofishin gwamnati ƙarfe huɗu yake tashi, Litinin zuwa Juma'a. Ta lissafa mini yinin yaro da yatsunta: boko daga safe zuwa ƙarfe biyu, abinci da salla, Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba. Sararin da ya rage masa shi ne bayan magariba, sai wani yanki na Asabar da Lahadi. "Wato daidai lokacin da mai gadi ya sa kwaɗo," in ji ta. "To wa aka gina wa, Malam?"

Daga nan sai magana ta ɓalle. Ƙofar ofishin kansila ba ta rabuwa da maza: masu neman taimakon asibiti, masu jiran sa hannu, 'yan koren siyasa da ke zaune a benci tun safe. Suka ce babu uban da zai bar budurwar 'yarsa ta ratsa ta tsakiyarsu ta hau bene, balle da almuru. In ya hana ta, za a ce ba ya son karatun mata, alhali zanen ne ya hana ta. Suka nemi banɗakin mata daban, mai ruwa. Suka nemi kusurwar mata a cikin ɗakin, da ma'aikaciya mace aƙalla ɗaya a lokutan yamma. Wata kuma, mai ɗa gurgu da ke aji biyar na sakandare, ta yi tambayar da ta sa kowa shiru: wa zai riƙa goya shi zuwa sama kullum? Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta a yi gine-ginen gwamnati yadda irinsa zai iya shiga. A zanenmu ko gangarar keken guragu babu.

Na fito daga zaman da shafuka cike, na gane cewa duk abin da suka faɗa abu ɗaya yake nunawa. Laburaren da ya shiga ta ƙofar ofis zai gaji komai na ofis: lokacinsa, mai gadinsa, mutanen da ke bakin ƙofarsa, da irin kallon da ake yi wa mai shigowa.

Tsallaken rafi

Maƙwabta sun karɓe mu hannu biyu, amma su ma abin da suka fara nunawa da yatsa get ɗin ne. Wata tsohuwar nas mai ritaya, wadda ta karɓi haihuwar mutane da yawa a unguwarmu kafin a rabu, ta ce mini, "Ɗana, ƙofar nan ku take kallo, mu ta ba mu baya." Yaron da zai zo daga wajensu sai ya tsallaka rafi, ya zagaya katanga, ya shiga titinmu kafin ya kai get. Ta ce, "Ni zan zo, kowa ya san ni. Jikana da aka haifa bayan 2008 bai taɓa taka titin nan ba, uwarsa kuma ba za ta bar shi ya fara da dare ba." Suka nemi ƙofa ta ɓangarensu da ƙaramar gada ta siminti. Katakon da ake takawa yanzu ruwa kan tafi da shi kusan kowace damina, kuma ba wanda ya manta ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare.

Batun littattafan addini ya zo daga ɓangarorin biyu, kowa da tsoronsa. Can an tambaye mu ko wurin ba zai rikiɗe ya zama Islamiyya ba. Nan gida an tambaye mu ko ba za a cika kantoci da kyautar littattafan mishan ba. Wannan ya fi sauran saurin warwarewa: ba wa'azi a ciki, ba lasifika, littafin kowane addini a ajiye shi a kanta a fili, kwamitin zaɓen littattafai kuma ya ƙunshi malaman makaranta daga nan da can. Garin da gidan tarihinsa, wanda aka buɗe a 1952, ya ajiye rubuce-rubucen Larabci na malamanmu da gumakan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok a harabar guda ba zai rasa yadda zai jera littattafai a kanta ba.

Akwai tambaya ɗaya da na ji a teburin mai shayinmu, na kuma sake jin ta a zauren coci daga bakin wani saurayi ɗan Ibo da aka haifa a Jos: da wace takarda za a yanki katin laburare? Wanda ba ɗan Jos ba zai ga kamar ƙaramar magana ce. Takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin, ƙaramar hukuma ce ke bayar da ita, kuma a kanta gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati suke rataye. Taron zaman lafiya na Filato na 2004 ya ayyana Berom da Anaguta da Afizere a matsayin 'yan asalin Jos, matsayin da al'ummar Hausawa ba ta amince da shi ba. Ba wannan rubutun ne zai warware ta ba. Abin da samarin ke tsoro shi ne a wayi gari tambayar da ake yi a tagar ofis ta bi matakala ta hau wurin littattafai. A nan babu wanda ya ja da wani. Zama a karanta, ba takarda ko ɗaya. Aron littafi zuwa gida, katin makaranta ko wasiƙar mai unguwa ko ta shugaban coci ta wadatar. A ganina wannan shi ne mafi daraja cikin duk abin da muka rubuta, domin a garin nan wuraren gwamnati da mutum zai shiga ba a tambaye shi ɗan ina ne ba su da yawa.

Gwajin da muka yi

Don kada mu tsaya kan ji-ta-ji-ta, lokacin WAEC da NECO muka ari aji ɗaya a makarantar firamare ta cikin unguwa. 'Yan kasuwa suka haɗa kuɗin sola da ƙwan fitila, malamai muka raba kwanaki, muka riƙa buɗewa daga bayan magariba zuwa ƙarfe tara. Ko littafi ɗaya ba mu ajiye ba, kowa da nasa yake zuwa. A makon farko bencina suka cika. 'Yan mata kuwa sai ranakun da malama mace ke zaune suke zuwa, ranar da namiji ne kaɗai sai ka ga ɗaya ko biyu tare da yayyensu. Daga tsallaken rafi babu wanda ya zo ko sau ɗaya, don makarantar tana can ƙuryar unguwarmu. Da damina ta yi nisa gajimare ya rufe rana, batir ya daina kaiwa tara. Masu sa kai kuma suka fara gajiya, wannan yana da jinya, wancan ya sami lesin mai biya. Da aka gama jarrabawa muka rufe.

Gani ya kori ji. Buƙatar tana nan, kuma wuri da haske ne kan gaba, kamar yadda mai ƙosai ta faɗa. Sharuɗɗan mata da na maƙwabta ba son rai ba ne, su ne ke yanke wa zai zo. Aikin sa kai kuma yana ɗaukar wata ɗaya ko biyu, ba ya ɗaukar shekara.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, fiye ma da get. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Laburare kuwa kowane wata yake ci: albashin ma'aikacin da ya karanci aikin, alawus na zaman yamma, sauya batir bayan 'yan shekaru, data, jaridu, maganin gara, gyaran rufi kafin ruwan Agusta ya jiƙa kantoci. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci kasuwa da tasha da maƙabarta da mahauta da ilimin firamare da na manya, bai ambaci laburare da suna ba. Abin da doka ba ta kira sunansa ba shi ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci, ga albashin malaman firamare da ke cin kaso mai tsoka na abin da ke shigowa. Ko a sama ma haka abin yake: hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke Abuja, wadda aka ba da kwangilarta a 2006, ta shafe shekaru ana wucewa ana kallonta ba a gama ba. Kansilan da ya kawo zanen wa'adinsa zai ƙare, wanda zai gaje shi kuma bai yi mana alkawarin komai ba.

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa a raba ginin biyu ba. Laburare shi kaɗai a bakin rafi, ba mai gadi ba ruwa, ina tsoron cikin shekara biyu ya zama ɗakin ajiyar kujerun biki. Zama kusa da ofis yana ba shi tsaro, yana kuma sa shugabanni su riƙa ganinsa kullum ko ba su so. Abin da nake ganin ya dace shi ne rufi ɗaya, amma ƙofa daban, makulli daban, lokaci daban.

Abin da kwamiti ya miƙa, da abin da ya rage

Mun roƙi a juya ginin: laburare a ƙasa, ofisoshi a sama, sai tagar rajistar haihuwa a bar ta a ƙasa saboda masu jego da tsofaffi. Wani injiniya ɗan unguwa ya goyi bayan haka da hujjar sana'arsa. Ya ce kantocin littattafai sun fi teburan ofis nauyi nesa ba kusa ba, ɗora su a bene na buƙatar ƙarin rodi da siminti, kuma a nan ne ɗan kwangila marar tsoron Allah ke rage hannu. Bai yi dogon bayani ba, don kowa na tuna ginin makarantar da ya rufta a Busa Buji a Yulin 2024 ya kashe mutum 22, galibi ɗalibai. Ya dai ce a ɗaga harsashi sosai saboda ruwa. Mun roƙi ƙofar laburare ta zama a gefen da ke kallon filin ƙwallo, yadda mai zuwa daga nan da mai zuwa daga can za su iso ta ba tare da ɗayansu ya ratsa unguwar ɗaya ba, da gada, da matakala ta biyu ga ofisoshin.

Kansila ya karɓi waɗannan, mai zane ya sake zane, duk da ya ce kuɗin ya ƙaru. Sauran ba su warwaru ba.

Don a bar wa samari filinsu sai an matsar da ginin wajen bola, injiniya kuma ya ce ƙasar da shara ta cike ba a ɗora mata bene sai an gwada ta, wataƙila sai an kwashe ta har a tarar da ƙasa ta asali. Kanikawa an nuna musu wani wuri, sun ce ya yi nisa da titi, mota mai matsala ba za ta kai can ba.

Sai maganar wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a rikicin, wadda ba ta taɓa sayar da kangonsu ba, kuma yana tsakiyar inda za a yi ginin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai, ba ta ƙasar kanta ba. Gidan da aka ƙone tun 2008, me za a ƙiyasta a kansa? Wasu suka ba ta shawara ta bayar sadaka mai gudana ga mamacin. Ta amsa wa mai unguwa cikin ladabi: "Baba, tumunin da ke nawa na bayar. Sauran gadon 'ya'yansa ne, ba ni da ikon yafe shi." Liman ya ce gaskiyarta ce. Kwamiti ya rubuta cewa a ba magadan wani fili a madadinsa kafin a haƙa komai.

Na ƙarshe shi ne takardar da muka nema daga majalisar ƙaramar hukuma, wadda za ta sa albashin ma'aikatan laburare biyu, mace da namiji, da kuɗin buɗewa har ƙarfe tara da ranakun Asabar da Lahadi, cikin kasafin kowace shekara. Kansila ya ce zai gabatar, amma shi ƙuri'a ɗaya gare shi. Dattawa da mata da maƙwabta sun haɗu a kan cewa kada a sa bulo ko ɗaya sai wannan takarda ta fito. Alhaji mai hatsi bai yarda ba, ya ce a fara gini tun kuɗin na nan, in aka tsaya jiran takarda wata unguwar za ta ɗauke aikin. Ina jin tsoronsa, don ya taɓa faruwa. Amma na zauna a ajin nan na firamare daren da batir ya mutu ƙarfe takwas saura, na ga yara suna tattara littattafansu a duhu, saboda haka ina tare da masu jira.

Zama na gaba an shirya yin sa bayan an ɗauke ruwa, a tsakiyar filin ƙwallon, mutanen nan da na tsallake a tabarma ɗaya, karo na farko tun da aka fara maganar. Babban ɗan marigayin mai kangon ya riga ya kawo wa mai unguwa takardar sayen filin mahaifinsu, tsohuwar nas ɗin kuma ta aiko cewa a tanadar mata kujera mai jingina saboda bayanta.